Lafiyar Gari Ba a Gadon Asibiti Take Farawa Ba

Da zarar damina ta kankama aka ji amai da gudawa ya ɓulla a wani ƙauye na Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, ko kuma bazara ta tsananta aka fara raɗe-raɗin sanƙarau, muhawara ɗaya ce take tashi a majalisun bakin titi da shirye-shiryen rediyo da shafukan Facebook. Wasu su ce rashin asibiti da likitoci ne ya kashe mu. Wasu su ce jahilcin jama'a ne, an faɗa musu sun ƙi ji. Wasu su ce ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta babu mai kankare shi. Wasu kuma su ce a daina ɓata baki, muddin ɓarayin daji na riƙe da hanyoyi babu wani zancen lafiya da zai yi tasiri.

Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma a ganina yawancinmu mun bar jaki muna dukan taiki. Matsayina tun daga farko shi ne, lafiyar gari tana farawa daga rijiya da masai da tukunyar tuwo da allurar rigakafi da hanyar gona. Asibiti zango ne na ƙarshe, inda ake kai wanda duk waɗancan suka kasa karewa. Shugaban da ya zuba dukiyar jama'a a zangon ƙarshe ya manta da na farko ya yi aiki, amma bai taɓa tushen abin da ke damun gari ba. Domin a gane dalilina, dole mu tsaya mu warware wasu ginshiƙan ilimin lafiyar al'umma, waɗanda jami'ai ke ambata a taruka a Gusau da Abuja, amma da wuya a zauna a bayyana wa mutumin Jangebe ko Rini ko Faru abin da suke nufi ga rayuwarsa.

Mu fara da bambancin da ke tsakanin jinya da lafiyar al'umma. Likitan jinya yana duba mutum ɗaya da ya zo gabansa: me ke damunka, tun yaushe, ga magani. Jami'in lafiyar al'umma kuwa majinyacinsa gari ne sukutum. Tambayoyinsa uku ne: su wa cutar ke kamawa, a ina, kuma a wane lokaci? Idan yara ashirin suka zo da gudawa cikin kwana biyu, likita zai sa musu ƙarin ruwa ya ceci rayukansu, kuma Allah Ya saka masa da alheri. Shi wancan jami'in zai ɗauki littafinsa ya je ya gano ko duk rijiya ɗaya suka sha. A shekarar 1854 wani likita mai suna John Snow ya yi haka a birnin Landan lokacin da kwalara ke kashe mutane a unguwar Soho. Ya bi gida-gida yana lissafa mamata, ya gano cewa yawancinsu famfo ɗaya suke ɗiba, hukuma ta cire hannun famfon. Ya yi wannan tun kafin duniya ta amince cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa kwalara. Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne. Dattawanmu suna tuna duba-gari, wanda in aka ce zai shigo unguwa sai a share tsakar gida, a rufe randa, a gyara makwarara. Ina duba-gari yake a yau? Wa ke leƙa rijiyoyin kasuwar Talata da mahauta da masu sayar da ruwan leda?

Daga nan sai rigakafi, wanda kowa ya haddace cewa ya fi magani, amma ba kowa ya san hawa uku gare shi ba. Hawa na farko shi ne hana cuta ta kama mutum tun asali: allurar ƙyanda, gidan sauro, ruwa mai tsabta, masai a kowane gida. Na biyu shi ne gano cuta tun tana ƙarama kafin ta yi ƙarfi: awon ciki da ke gano hawan jini kafin ya zama jijjiga, ko ɗan ma'aunin da ake ɗaura wa yaro a damtse a gane tamowa tun bai kumbura ba. Na uku shi ne rage ɓarnar cutar da ta riga ta kama, kamar gyaran yoyon fitsari ko kula da ƙafar mai ciwon suga don kada a kai ga yankewa. Duk hawan da aka tsallake, na gaba da shi ya fi tsada, ya fi ciwo, kuma ya fi cin rai.

Maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum sun biya kuɗin wannan darasi da rayukan 'ya'yansu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF suka lura yara ƙanana na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare. Da aka bincika sai aka tarar gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana bin ƙasar da yara ke rarrafe a kai. Aƙalla yara 400 suka rasu. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba. Saboda haka yaran Bagega suka yi ta jira har 2013, lokacin da aka saki kuɗin kankare gurɓatacciyar ƙasar garin aka zuba sabuwa, sannan aka fara yi musu magani. Shebur da baro ne suka share wa likita hanya. Wanda ya fahimci labarin Bagega ya fahimci rabin ilimin lafiyar al'umma, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu bari in fuskanci masu cewa asibiti ne matsalarmu. Ba na raina hujjarsu. Matar da naƙuda ta yi wa gardama cikin dare tana bukatar ɗakin tiyata da jini da wuta, ba lacca ba. Da gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024 ta shiga gyaran asibitoci, babu mai hankalin da zai ce ba a bukata. Amma a duba wani abu. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 24, ƙananan hukumomi uku na Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ba Zamfara gwamna na tsawon shekara 20: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara 8, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara shekara 8, Bello Matawalle na Maradun shekara 4. An yi gine-gine, an shimfiɗa tituna, an kafa jami'ar jiha a Talata Mafara. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yaran Zamfara da suka samu cikakkiyar allurar rigakafi ba su kai ɗaya cikin goma ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 31 cikin 100 ne, a Anambra kuma kashi 76. Binciken ya kuma nuna cewa a Arewa maso Yamma, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 187 ba sa kai shekara biyar. Shin gini nawa ne zai goge wannan lissafi?

Ba wai ina ɗora wa mutum uku laifin abin da ya shafi tsari gaba ɗaya ba ne. Siyasarmu ce ta saba da saka wa abin da ido ke gani. Asibiti ana ƙaddamar da shi da kiɗa da 'yan jarida, a kafa allo da sunan mai girma. Yaron da bai kamu da ƙyanda ba saboda an yi masa allura, babu mai ɗaukar hotonsa. Annobar da aka hana aukuwa ba ta shiga labaran ƙarfe bakwai. Mu masu zaɓe ma da namu kason, domin gini muke tambaya, ba ma tambayar yara nawa suka rayu. Halinmu ya yi kama da na mai ɗakin da ke yoyo, kowace damina yana ƙara sayen kwanonin tarar ruwa, bai taɓa hawa ya duba jinkar ba.

Sai masu cewa jahilcin jama'a ne. Wannan hujja ta fi yawa a bakin 'yan boko da ma'aikata, kuma ita ce ta fi ci mini rai, domin tana mayar da wanda aka zalunta ya zama mai laifi. A nan ne ya kamata a rarrabe wayar da kai da inganta lafiya. Wayar da kai ita ce a faɗa wa mutum abin da ya dace ya yi: wanke hannu da sabulu, tafasa ruwa, kai yaro allura, ki je awo. Inganta lafiya ta haɗa da wannan, amma ta wuce nan, domin tana nufin a ba mutane iko da halin aikata abin da aka faɗa musu. Matar da ta gudo daga ƙauyenta tana kwana a kangon makaranta da 'ya'ya biyar, ka ce ta wanke hannu da sabulu, ina sabulun, ina ruwan? Ka ce ta tafasa ruwa, wa zai shiga daji ya yo itacen? Ka ce ta ba yaro abinci mai gina jiki, alhali mijinta bai taka gonarsa ba shekara biyu?

A watan Nuwamba na 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Ottawa na Kanada, suka fitar da yarjejeniyar da har yau ita ce madogarar wannan fanni. Sun zayyana ayyuka biyar: gwamnati ta tsara manufofin da ke kare lafiya, a samar da muhallin da ke taimaka wa mutum ya zauna lafiya, a ƙarfafa al'umma ta yi wa kanta aiki, a koya wa mutum dabarun kula da kansa, sannan a juya akalar asibitoci su daina jiran maras lafiya kaɗai. Koyarwa ɗaya ce tak cikin biyar. Mu kuwa mun ɗauki wannan ɗayar, mun buga ta a alluna da tallan rediyo, mun bar huɗun, sannan muna mamakin abin da ya sa ba a ga canji ba.

Idan da gaske mutanenmu ba sa jin magana, yaya aka yi kurkunu ya ɓace? Matasan yau da yawa ba su taɓa ganinsa ba, amma iyayensu sun san yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, tsutsa na fita daga ƙafarsa ana naɗe ta a tsinke. Lokacin da aka fara ƙidaya a ƙarshen shekarun 1980, an samu fiye da mutum 650,000 ɗauke da shi a Nijeriya, kuma ƙasar Zamfara na cikin inda ya yi katutu. Kurkunu ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Abin da aka yi shi ne, aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka zuba magani a tafkuna, aka naɗa ɗan sa-kai a kowane ƙauye daga cikin mutanen garin, manya irin su Janar Yakubu Gowon da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter suka yi ta bin gwamnoni da sarakuna. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi. Mutanen karkarar da ake kira jahilai su ne suka yi wannan aiki, da aka haɗa musu magana da kayan aiki.

Za a ce to ai Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da allurar shan-inna a 2003. Gaskiya ne, kuma an yi asara, domin cutar ta bazu ta nakasa yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Kuma suna da tambayar da ba a amsa musu ba: me ya sa ake bin mu har ɗaka da ɗigon shan-inna kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro muka je asibiti sai mun sayi komai? Abin da ya warware rikicin shi ne dawo da amana. Da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009 a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da limamai suka shiga gaba, sai ƙofofi suka buɗe. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Amana ita ce jarin lafiyar al'umma, kuma ba a samun ta da tsawa.

Wannan ya kawo mu ga abin da masana ke kira garkuwar al'umma. Idan mafi yawan yaran gari suka samu allura, cuta ba ta samun gadar da za ta bi daga wannan gida zuwa wancan, sai jaririn da bai isa allura ba da yaron da tamowa ta raunana su ma su tsira a inuwar sauran. Ga ƙyanda, sai an kai kusan kashi 95 cikin 100 garkuwar ke tsayawa. Saboda haka magidancin da ya hana a yi wa 'ya'yansa allura ba kansa kaɗai ya yanke wa hukunci ba, ya tsaga bangon da ke kare 'ya'yan maƙwabcinsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan haƙƙin maƙwabtaka da addini ya jaddada ya haɗu da ilimin likita.

Masu cewa ƙaddara ce fa? Ni Musulmi ne, na yi imani babu abin da ke samun bawa sai da izinin Ubangijinsa. Amma yaushe imani da ƙaddara ya zama dalilin naɗe hannu? Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 sanƙarau nau'in C ya kama fiye da mutum 14,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 1,100, kuma Zamfara ce ta fi jin jiki. Gwamnan lokacin ya danganta annobar da yawaitar saɓon Allah, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito fili ya ƙi yarda, aka yi ta cece-kuce. Kiran mutane su tuba abu ne mai kyau a kowane lokaci. Sai dai tambayar da lafiyar al'umma ke yi daban ce: cutar da ta fara tun Disamba, me ya sa babban gangamin allura bai kankama ba sai Afrilu? Amsar tana cikin abin da ake kira sa ido kan cututtuka, wato tsarin da ke sa ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya kai rahoto cikin gaggawa, a ɗebi ruwan ƙashin baya a kai ɗakin gwaji, a san nau'in ƙwayar, a nemi allurar da ta dace. Allurar da aka yi wa jama'a a shekarun baya ta nau'in A ce, ba ta kare C. Kowane mako da rahoto ya makara, kaburbura ne ke ƙaruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin Musulunci ma yana gefen masu ɗaukar mataki. Sayyidina Umar yana kan hanyar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba ta sauka kuma kada na ciki su fita, shi ne asalin abin da yau ake kira killacewa. A ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani da cututtuka yana riƙe da ragamar daula. Malamin da ya hau mumbari ya ce a kai yara allura, a gina masai, a daina bahaya a bakin gulbi, bai fita daga turbar magabata ba.

Hujja ta huɗu ita ce mafi nauyi, ta masu cewa sai an samu tsaro. Ba zan musa musu ba, domin yarjejeniyar Ottawa kanta da ta jero sharuɗɗan samun lafiya, zaman lafiya ta sa a farko, kafin muhalli da ilimi da abinci da abin shiga aljihu. Shekarar 2021 kaɗai ta ishe mu misali. A ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. A ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar Kaya ta Maradun. A wannan tsakanin aka rufe layukan waya da kasuwannin mako. A shekarar ce kuma kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a faɗin ƙasar. Yarinyar da aka cire daga makaranta don tsoro, an rage mata damar sanin alamun haɗari ranar da za ta ɗauki ciki. Manomin da aka hana shi gona, ɗansa ne zai kwanta a sashen tamowa da MSF ke tallafawa a babban asibitin Talata Mafara. Ma'aikaciyar lafiyar da ta bar ƙauye don tsira da ranta, ta tafi da allura da awo da rahoto gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da tushen cuta na zamantakewa: talauci da yunwa da rashin karatu da rashin tsaro su ne ke zaɓar wanda zai kwanta tun kafin ƙwayar cuta ta iso.

Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne wurin cewa a jira. Sauro ba ya jiran sulhu, ƙyanda ba ta jiran soja. Kuma an ga abin da ke yiwuwa ko cikin wahala. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, kuma Zamfara na cikin jihohin da suka fara da wuri. Masu rabawar 'yan gari ne, suna bi gida-gida, sun san lungun da baƙo ba zai shiga ba. Inda mota ba ta zuwa, ɗan gari na zuwa. Abin da ake bukata shi ne a horar da shi, a ba shi kaya, a biya shi haƙƙinsa a kan lokaci. Nan ne ma'anar adalci a kiwon lafiya take fitowa. Raba daidai shi ne a ba kowace gunduma kwali goma. Adalci shi ne a kai kwali ashirin inda aka fi jigata, ko da hanyar ta fi wuya kuma ƙuri'un wurin ba su da yawa.

Akwai kuma darasin da ke kwance a gabanmu kullum, wato madatsar ruwa ta Bakolori. An kammala ta a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, shekarar da ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko, da ruwa mai tsabta da abinci da sa hannun jama'a, shi ne hanyar kai lafiya ga kowa. Bakolori ta kawo shinkafa da noman rani da abin sawa a baka ga dubban gidaje a Mafara da Bakura da Maradun, wannan kuwa lafiya ce. Amma ruwan da ke kwance a magudanai da fadamu gida ne ga sauro da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya, cutar da har yanzu wasu ke ɗauka alamar balaga ce in yaro ya yi fitsarin jini, alhali tana cin mafitsara a hankali. Injiniyan da ke tsara magudana, da jami'in gona da ke raba maganin feshi, da mai ba da izinin haƙar zinariya, duk ma'aikatan lafiya ne ko sun sani ko ba su sani ba. Shi ya sa ake cewa a sa lafiya cikin kowace manufa ta gwamnati. Kuma rikicin 1980, lokacin da manoman da aka raba da gonakinsu suka tashi neman diyya aka murƙushe su da ƙarfin bindiga har rayuka suka salwanta, ya koya mana cewa aikin da aka yi domin mutane ba tare da mutane ba yana barin miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne mafakar kowane jami'i. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, da nufin kowace gunduma ta sami aƙalla guda mai aiki. Tsarin mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mahauta da shara da bayan gida na jama'a, kuma a watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka shata wannan hanya. Dokoki da alkawura ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai bin sawu. Mutum nawa ne a gundumarku suka san akwai kwamitin ci gaban gunduma da ya kamata ya sa ido a kan asibitinsu? Wa ya taɓa tambayar nawa aka turo a wannan zango, kuma me aka saya da shi?

Ga abin da nake kira a yi. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su dawo da duba-gari da cikakken iko da abin hawa, su sa gyaran rijiyoyin burtsatsen da suka lalace a gaban haƙa sababbi, su liƙa lissafin kuɗin kowane ƙaramin asibiti a bangonsa inda kowa zai karanta. Masu martaba Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun su umarci masu unguwanni su riƙe rajistar haihuwa, a san kowane jariri da ranar allurarsa. Jami'ar jiha da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau su tura ɗalibansu su auna ruwan da garin ke sha su bayyana sakamakon. Malamai su ba tsabtar ruwa da haƙƙin mai ciki gurbi a huɗuba. Magidanta kuma mu ba matanmu izinin zuwa awo da kai yara asibiti tun kafin bukata ta taso, kada a tsaya neman mu a waya jini na zuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Idan masu neman ƙuri'a suka zo, kada mu tsaya a tambayar asibiti nawa za su gina. Mu tambaye su gida nawa ne zai sami ruwa mai tsabta, yara kashi nawa za a yi wa cikakkiyar allura, ƙauye nawa ne manomansa za su koma gona, kuma a wace shekara za su dawo gabanmu da alƙaluman. Wanda ya kasa amsa waɗannan bai shirya riƙe amanar rayukanmu ba, kuma bai cancanci mu ba shi ita ba.